Tina, Fetur da Rijiyar Gida: Tambayoyi da Amsoshi Kan Gurɓatar Ƙasa da Ruwan Ƙarƙashinta a Zariya

Tun muna yara malamanmu suka karantar da mu cewa ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba. Hukuncin alwala da wanka ke nan, kuma yana nan daram. Sai dai da yawa daga cikinmu mun ɗauki wannan ma'auni mun kai shi bakin randar sha, alhali akwai gubar da ke shiga ruwa ba tare da ta taɓa ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. A Zariya kuwa, inda gidaje da dama suka dogara da rijiya da bohol da 'yan ga-ruwa saboda famfo bai wadatar ba, abin da muka zubar a ƙasa shi muke jawowa da guga daga baya. Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini, a wurin aiki da kuma a majalisar unguwa, na rubuta su kusan yadda aka yi su.

Malam, wai waɗanne sinadarai ake nufi?

Ruwaye ne da ake narkar da maiƙo da su, ko a tsinka fenti, ko a wanke ƙarfe da tufafi. Mafi kusa da mu su ne tina ta masu fentin mota da kafintoci, da sholisho na masu haɗa takalmi da masu faci, da fetur ɗin da makanikai ke wanke kayan inji da shi. Irin waɗannan kan ƙunshi toluwin da zailin, shi kuma fetur yana da benzin a cikinsa.

Akwai wani dangin da ya fi su mugunta in ya shiga ƙarƙashin ƙasa, wato masu kulorin a jikinsu. Biyu ne suka yi suna. Na farko tirikuloro-etilin, da ake taƙaita sunansa TCE, wanda masana'antu da wuraren gyaran manyan injina suka daɗe suna cire maiƙo daga ƙarfe da shi. Na biyu fakuloro-etilin, wato PCE, wanda injin wankin kaya ba da ruwa ba ke aiki da shi. A nan sai an bambance: shaguna da yawa da suka rubuta dirai-kilin a allonsu, da ruwa da sabulu da sitati suke aiki, ba su cikin wannan lissafi. Mai injin da ake ɗura wa sinadari ake nufi.

To ai Zariya ba Bompai ba ce, ba kuma Kakuri ba. Ina muka ga masana'antun?

Wannan tambaya ita na fi sha. Zariya garin jirgin ƙasa ne tun farkon ƙarnin da ya wuce, garin gurzar auduga da sarrafa taba da matse mai, garin maɗaba'u da ɗakunan gwaje-gwaje, ga yankunan masana'antu irin su Cikaji da Dakace. Ban ce kowane wuri irin wannan ya gurɓata ba, ƙasar wuri sai an gwada ta ake yanke mata hukunci. Abin da nake cewa shi ne, ba sai da babban kamfani ake ɓata rijiya ba. Duba garejin makanikai da masu feshin fenti a Sabon Gari da Tudun Wada da Kwangila da gefen titin Samaru. Duba tankunan gidajen mai da aka binne shekaru da dama, da inda 'yan bumburutu ke juye jarkoki kullum a wuri ɗaya. Da yawansu katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidan da ke da rijiya.

Ga lissafin da ya sa ƙaramin wuri ma abin tsoro ne. A Amurka, iyakar TCE da doka ta yarda da ita a ruwan sha ita ce maikirogiram 5 a kowace lita (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Lita ɗaya ta TCE tana da nauyin kusan kilo ɗaya da rabi. In aka raba, lita ɗayan nan ta isa ta kai ruwa kusan lita miliyan 290 ga wannan iyaka. Galan guda da wani ya tuttular a bayan shago, ba da mugun nufi ba, ya ishi unguwa.

Abin da aka zubar a ƙasa, ba rana ce ke busar da shi ba?

Na sama ne kawai ke bushewa. Sauran yana tsuma ya gangara, damina kuma ta taya shi.

Ƙasar Zariya hawa-hawa ce. A sama akwai jar ƙasa da marmara. A ƙarƙashinsu akwai ruɓaɓɓen dutse mai kama da tsakuwa da yumɓu, a nan ne rijiyoyin gidajenmu ke samun ruwa. Can ƙasa kuma sai dutse mai tauri, irin wanda ya fito fili a Kufena, shi ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagoginsa, kuma tsagogin nan masu haƙa bohol ke nema. Da Agusta da Satumba ruwan ƙasa yakan taso har a wasu unguwanni ka ga guga ba ta buƙatar doguwar igiya. A wannan lokaci tazarar da ke tsakanin abin da aka zubar da ruwan da ake sha ba ta da yawa.

Idan sinadari ya isa ruwan, halinsa ya danganta da nauyinsa. Fetur da tina sun fi ruwa sauƙi, sai su yi ta yawo a samansa kamar mai a kan miya. Ruwan ƙasa ya hau da damina ya sauka da rani, su kuma suna shafe ƙasar da ke tsakani. TCE da PCE kuwa sun fi ruwa nauyi, sai su ratsa shi su nutse, su taru a kan yumɓu ko su shige tsagar dutse su kwanta. Daga nan suna narkewa kaɗan-kaɗan, kamar gishirin da aka ƙulle a tsumma aka jefa cikin randa, ruwan da ya bi ta kansu yana ɗauka yana tafiya da shi gangare, zuwa wajen rafuka irin su Kubanni da Galma ko zuwa duk bohol ɗin da ke jan ruwa da ƙarfi a kusa. Ruwan ƙasa ba ya gaggawa. Shi ya sa garejin da ya tashi shekara ashirin da suka wuce, har an gina gida a wurin, zai iya zama shi ne tushen abin da ke fitowa yau a rijiyar da ke layi na uku.

Ruwan rijiyarmu garau yake, ba wari ba komai. Ashe ba lafiyarsa ƙalau ba?

Hajiya, da ma haka ne da mun huta. Hanci da harshe ba sa kama TCE da PCE sai sun ninka iyakar lafiya sau da yawa. Fetur ne ma yakan tona kansa da wuri saboda wari. Idan kin ji ruwa ya fara warin mai ko tina, ko kin ga wani ƙyalli kamar bakan gizo a samansa, ruwa ba ya tsami banza, a daina sha tun ranar. Amma rashin wari ba shaida ba ce.

A sansanin sojojin ruwa na Lejeune da ke Amurka, sojoji da iyalansu sun sha ruwa mai TCE da PCE tsakanin 1953 da 1987, wani ɓangare na gubar kuma daga wani shagon wankin kaya da ke wajen sansanin ya fito. Ruwan famfo ne da ake ganin mai tsabta. Sai a 2022 aka yi dokar da ta buɗe musu ƙofar neman diyya a kotu.

Me yake yi wa jiki?

Shan kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru shi ne matsalar, ba wai mutum ya sha ya faɗi nan take ba. Hukumar binciken cutar daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya benzin cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar jini, a 2012 kuma ta sanya TCE a wannan rukuni saboda sankarar ƙoda. PCE yana rukunin da ake kyautata zaton yana jawo cutar. Suna kuma taɓa hanta da ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, akwai kuma damuwa ta musamman a kan mai ciki da abin da ke cikinta. Saboda irin waɗannan hujjoji ne hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da dokar haramta TCE a Disamban 2024.

Ba ta baki kaɗai yake shiga ba. Sinadaran nan masu tashi ne, mai wanka a rufaffen banɗaki yana shaƙar su. Tururinsu kuma yakan taso daga ƙasa ya shigo ɗaki ta tsagar daɓe, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗakin da ke kan tsohon ramin zubar da sinadari, ana rufe tagoginsa ruf da sanyin hunturu, ya fi ba ni tsoro a kan rijiyar da ke tsakar gida.

Wanda ya san ya daɗe yana shan irin wannan ruwa, ya faɗa wa likita a fili, ko a asibitin koyarwa na Shika ko inda ya saba zuwa. Kada kuma a ɗora kowace cuta a kan rijiya ba tare da an duba ba.

In na tafasa fa? Ko in sa alam, ko maganin ruwa?

Alam laka yake kwantarwa. Maganin ruwa mai kulorin ƙwayoyin cuta yake kashewa, irin na kwalara da taifod. Babu wanda ke cire sinadari a cikinsu. Tafasawa tana korar wani kaso, amma zuwa iskar kicin ɗin da mai girki da yaron da ke goye a bayanta ke shaƙa, an gudu gara an faɗa gidan zago. Tacewa da ƙyalle ba ta yin komai.

Abin da ke kama su shi ne gawayin da aka sarrafa a masana'anta har ya zama mai ƙananan ƙofofi ba adadi, wanda ake cika tukunyar tace ruwa da shi. Ba gawayin murhu ba ne. Shi ma yana ƙoshi, in ya ƙoshi sai gubar ta riƙa wucewa ba ka sani ba, don haka dole a riƙa canza shi a kan lokaci ana kuma gwada ruwan da ke fitowa.

Shi ke nan, sai in rufe rijiyar in haƙa bohol mai zurfi.

Alhaji, a nan nake roƙon a dakata. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan sinadarin mai nutsewa ne, yana kwance a kan wani shimfiɗaɗɗen yumɓu da ya tare shi shekara da shekaru, injin haƙa yana huda yumɓun nan ya buɗe masa hanya zuwa ruwan da ke can ƙasa, wanda a da babu abin da ya same shi. Masu haƙa da yawa ba sa toshe gefen bututu da siminti yadda ya kamata, sai ramin ya zama magudana daga sama zuwa ƙasa. Sannan bohol yana jan ruwa da ƙarfi, wato yana kiran gubar zuwa gidanka da gidajen maƙwabta.

Na taɓa zuwa wani gida da rijiyarsu ta fara wari bayan an buɗe wurin feshin fenti a bayan katangarsu. Maigidan ya sayar da filinsa na gado ya haƙa bohol, taku kaɗan daga tsohuwar rijiyar. Damina biyu aka yi, sabon ruwan ma ya ɗauki wari. Har yau in na tuna fuskar dattijon nan raina yakan ɓaci, domin da an gwada ƙasar kafin a kira injin, da kuɗin ya isa a jawo masa ruwa daga wani wuri.

Ita kuma tsohuwar rijiya, kada a mai da ita bola ko shadda. A cike ta da yumɓu ko siminti bayan an ɗebi ruwan gwaji.

Ina ake kai ruwa gwaji, kuma yaya ake ɗibarsa?

Gwajin da aka saba yi wa bohol da ruwan leda yana duba tsami da gishiri da ƙarfe da ƙwayoyin cuta. Ba ya ganin waɗannan sinadarai. Takarda za ta fito ta ce ruwa lafiya, alhali ba a nemi abin ba tun farko. Sai ka faɗa da bakinka cewa sinadarai masu tashi cikin iska kake so a duba, ka kuma tambaya ko suna da na'urar gano irin waɗannan sinadarai da ake kira GC-MS kuma tana aiki.

Zariya ta yi sa'a da wuraren da za a fara tambaya. Akwai sashen albarkatun ruwa da injiniyancin muhalli da sashen ilmin duwatsu da na kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, a Basawa. A Kaduna kuma akwai cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa da ke Mando. In ba su yi ba, za su nuna inda ake yi.

Ɗibar ruwan ita ce rabin aikin. Ba a kai shi a robar lemo ko jarka. Ƙaramar kwalbar gilashi ce mai cin mililita 40, a cika ta maƙil har ba sauran kumfar iska ko ɗaya, a rufe, a sa cikin ƙanƙara, a gwada cikin mako biyu in an sa mata maganin adanawa, in ba a sa ba kuma da wuri fiye da haka. Kumfa ɗaya ta isa sinadarin ya tsere cikinta sakamako ya fito ƙasa da gaskiya. Ya fi kyau ma'aikacin ɗakin gwajin ya zo ya ɗiba da kansa. A gwada sau biyu, da rani da kuma tsakiyar damina. Kuɗin yana da ɗan nauyi ga gida ɗaya, amma in gidaje biyar ko goma suka haɗa, ban da sauƙin kuɗi, sakamakonsu ne zai nuna daga ina gubar ta taso da inda ta nufa.

An gwada, an samu. Me ake fara yi?

Mutane kafin ƙasa. A daina sha da girki da wannan ruwa, a samo wani, a sanar da maƙwabta da mai unguwa. Na san akwai mai ɓoyewa don kada darajar gidansa ta faɗi ko 'yan haya su tashi. Wannan cutarwa ce, kuma hadisi ya hana cuta da cutarwa. Balle mai bohol ɗin da ke sayar wa 'yan ga-ruwa, shi nasa ruwan unguwa guda yake zagawa.

Na biyu, a tsayar da tushen: tankin da ke yoyo, ramin da ake zubarwa, kwatar da ke kai wankin shago cikin kududdufi. Na uku, a kai rahoto ga hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, KEPA, da ta tarayya, NESREA, a rubuce, a ajiye kwafi. In malalar man fetur ce, akwai hukumar tarayya mai kula da malalar mai, NOSDRA. Bayan haka ne ƙwararru za su haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido su zana iyakar inda abin ya kai. Duk wanda ya zo da maganar magani kafin ya yi wannan awo, bai san inda ciwon yake ba.

Yaya ake tsabtace ita ƙasar?

In wurin ƙarami ne kuma bai yi zurfi ba, a haƙe a kwashe. Mun ga irinsa a Zamfara bayan gubar dalma ta 2010 da ta kashe ɗaruruwan yara: an kankare saman ƙasar da ke cikin gidaje an binne ta a wurin da aka tanada, aka kawo sabuwa, ƙauyen Bagega ya samu nasa aikin a 2013. Bambancin shi ne dalma tana zama a sama, sinadarin narkarwa kuwa gangarawa yake yi, don haka wanda ya yi jinkiri sai abin ya fi ƙarfin shebur. Ƙasar da aka kwashe kuma kada ta faɗa hannun masu tifa su sayar a yi cikon gida da ita.

Inda ba za a iya haƙa ba, kamar ƙarƙashin gini, ana kafa bututai masu ƙofofi a cikin ƙasar da ke saman ruwa, a haɗa su da injin zuƙo iska. Tun da sinadaran masu tashi ne, iskar na fitowa da su, a bi da ita ta cikin gawayin nan kafin a sake ta. Hanyar tana aiki sosai a rairayi da tsakuwa, tana wahala a yumɓu mai danƙo. A irin wannan wurin ne ake dumama ƙasar da lantarki ko tururi har ta kai kusan zafin tafasar ruwa, TCE dai a digiri 87 yake tafasa. Tana da sauri, amma wutar da take ci ba ƙarama ba ce.

Ƙasar da fetur ko baƙin mai ya jiƙa ta fi sauƙi. A baza ta a kan shimfiɗar da ba ta yoyo, nesa da gidaje, a gauraya da taki, a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa, ƙwayoyin halittar cikin ƙasa su cinye man. Zafin ƙasarmu yana taimakon wannan aiki.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa fa? Ba sai a zuƙe shi duka ba?

Haka aka fara tunani. A kafa rijiyoyi, a zuƙo ruwan, a tace da gawayi ko a watsa shi cikin hasumiya iska ta kwashe sinadarin. A 1994 majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta duba wurare 77 da ake wannan aiki, ta tarar guda 8 ne kawai suka kai matakin tsabtar da aka sa musu. Dalili shi ne wancan gishiri da ke ƙulle a tsumma. Kana zuƙa adadin yana sauka, ka kashe inji, bayan 'yan watanni ya dawo, domin abin da ke maƙale a yumɓu da tsagar dutse yana ci gaba da narkewa. Amfanin zuƙa na gaskiya shi ne tare gubar kada ta ƙarasa ga rijiyoyin da ke gaba.

Shi ya sa aka koma ga kashe ta a inda take. Hanya ɗaya ita ce ɗura sinadarin da ke ƙona ta, kamar famanganet, wannan hoda mai launin shuni da ake wanke miki da ita. Wata hanyar, da aka ƙirƙiro a Jami'ar Waterloo ta Kanada wajen 1990, ita ce a haƙa dogon rami a gaban inda ruwan ke bi a cika shi da garin ƙarfe. Ruwan na ratsawa, ƙarfen na cire kulorin daga jikin sinadarin, ba inji ba lantarki, shekara da shekaru.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta ƙwayoyin halitta. Akwai wata ƙwaya mai suna Dehalococcoides, da aka fara ware ta a 1997, wadda ke rayuwa inda babu iska, tana amfani da waɗannan sinadarai kamar yadda muke amfani da iskar numfashi. Ana ɗura abinci a cikin ƙasa, kamar man girki ko baƙin dagwalon da ke saura in an yi sukari daga rake, sauran ƙwayoyi su cinye shi su ƙarar da iskar wurin, ita kuma ta samu filin aiki. Tana cire kulorin ɗaya bayan ɗaya: PCE ya koma TCE, shi kuma ya koma wani ɗan'uwansa mai suna DCE, sannan binil-kulorayid, daga ƙarshe etin wanda ba ya cutarwa. Ga mu kusa da Maƙarfi ƙasar rake, kayan aikin ba su yi mana nisa ba. Amma ga haɗarin: in aikin ya tsaya a tsakiya, saboda ƙwayar babu ita a wurin ko abinci ya ƙare, abin da zai taru shi ne binil-kulorayid, wanda ya fi na asalin guba, yana jawo sankarar hanta, iyakarsa a Amurka ma maikirogiram 2 ce kacal a kowace lita. Don haka kada wani ya karanta wannan ya je ya narka mazarƙwaila a rijiya. Aikin masu awo ne da ke bin sa wata-wata.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce, in sinadari mai nauyi ya shige tsagogin dutse irin namu, fitar da shi kaf abu ne mai matuƙar wuya ko a ƙasashen da ke da kuɗi. A irin wannan hali abin da ake yi shi ne a rage tushen, a tare yaɗuwa, a kawo wa mutane ruwa daga wani wuri.

Shekara nawa yake ɗauka, kuma wa zai biya?

Kwashe ƙasar ƙaramin gareji aikin makonni ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa shekaru ne, wani lokaci gommai. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas a 2011 ya samu benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale da ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, ya kuma ƙiyasta cewa gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30, da dala biliyan ɗaya don somawa kawai.

A ƙa'ida wanda ya ɓata shi ke biya. Dokokinmu sun samo asali ne daga abin da ya faru a Koko, a jihar Delta ta yanzu, inda aka jibge dubban duro na guba daga Italiya, asiri ya tonu a 1988. A shekarar aka yi dokar sharar guba mai hukuncin ɗaurin rai da rai, aka kuma kafa hukumar muhalli ta tarayya, wadda NESREA ta gaji aikinta na tilasta bin doka a 2007. Kamfani mai rai ana iya kama shi da wannan. Matsalar ita ce kamfanin da ya mutu, ko bakaniken da abincin yau yake nema. A Amurka irin wannan ne ya sa aka kafa asusu na musamman na tsabtace gurɓatattun wurare a 1980. A ganina jihar Kaduna na buƙatar irinsa ko da ƙarami ne, kuma aikin farko da zai yi shi ne rubuta sunayen tsofaffin wuraren masana'antu da gareji da gidajen mai kafin a yanka su fuloti-fuloti.

Muna ban-ruwan lambu da shi, dabbobi ma suna sha.

Waɗannan sinadarai ba sa taruwa a ganye kamar yadda dalma da sauran ƙarafa masu guba ke yi, yawanci suna tashi. Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai ban-ruwan da ke tsaye a ciki yana shaƙa, yana kuma kurɓa in ƙishi ya kama shi. Dabbobi a ba su wani ruwan. In kuma ruwan daga kwatar masana'anta ko majema yake, a sa a duba ƙarafa ma.

Ni bakanike ne, sana'ar da na gada ke nan. Me kake so in yi?

Maigida, ba wanda ya ce ka bar sana'a. Ka yi daɓen siminti a inda kake wanke kaya, da ɗan baki a gefe. Ka yi wankin a cikin tire ko rabin duro maimakon a ƙasa. Fetur ko tinar da ta yi datti, in ka bar ta a rufaffiyar jarka dattin zai kwanta, ka tsiyaye na sama ka sake aiki da shi, kuɗinka ne ya dawo. Baƙin mai ka tara a duro, akwai masu saye. In abu ya zube, ka zuba garin katako ko rairayi ka kwashe, kada ka kora da ruwa. Kada a zuba komai a shadda ko tsohuwar rijiya ko ramin da ruwan wanka ke shiga, waɗannan kai tsaye suke kaiwa ƙasa.

Yaran shago kuma, Allah ya ɗora maka amanarsu. Ka hana su zuƙar fetur da baki ta tiyo, ka hana su wanke hannu da shi su zauna cin abinci. Duron da aka kawo sinadari a ciki kada ya koma gida ya zama na tara ruwan sha, ko an wanke shi sau goma, roba tana shan sinadari ta riƙa sakinsa.

Zan sayi fili a inda aka ce a da wurin aiki ne. In fasa?

Ba lallai ba, amma kada ka tsaya ga maganar dillali. Ka nemi dattawan unguwar da mai unguwa ka tambaye su me ake yi a wurin shekara talatin da suka wuce, ina ake ajiye duro, ina ake zubar da ruwan wanki. Su ne suka san abin da takarda ba ta rubuta ba. Ka zaga filin bayan an ɗauke ruwan sama, ka duba inda ciyawa ta ƙi fitowa ko ƙasa ta yi baƙi, ka sa a haƙa ramuka biyu ko uku masu zurfin ƙugu ka sunsuna. Ka nemi izinin maƙwabtan da ke gangare a gwada ruwan rijiyarsu, da kuɗinka, kafin ka biya kuɗin filin. In sakamako ya nuna akwai abu kuma ka ga duk da haka za ka saya, a rubuta shi cikin takardar ciniki a gaban shaidu, a rage kuɗin gyara daga farashi, a shimfiɗa leda mai kauri da bututun fitar da iska a ƙarƙashin daɓe lokacin gini, ruwan sha kuma a jawo shi daga wani wuri.